Yaya ake rubuta ribar murabaha a littafin lissafi?

Ɗalibar akanta, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ina riƙe wa wata ƙungiyar mata lissafi a Kasuwar Barci, wadda take sayo wa mambobinta keken ɗinki da injin markaɗe, ta sayar musu bashi da ribar da aka amince a kanta tun farko, wato murabaha. Shin ranar miƙa kaya zan rubuta ribar gaba ɗaya, ko kuwa raba ta ake yi? Wace ƙa'ida bankunan Musulunci suke bi?

Akanta, Kakuri:
Wa alaikumus salam, Malama. Hukumar da ke tsara waɗannan ƙa'idoji ita ce AAOIFI, wadda aka yi wa rajista a Baharain a 1991, kuma ƙa'idarta ta 28 ce ta shafi murabaha. Da farko keken yana shiga littafi a matsayin hajar ƙungiya, domin sai ta mallake shi kafin ya halatta ta sayar. Idan, misali, an sayo shi naira 200,000 aka sayar 240,000 a biya cikin wata 10, za ki rubuta bashin 240,000, ki ware 40,000 a matsayin ribar da aka jinkirta, sannan ki riƙa shigar da ita kaɗan-kaɗan har biyan ya ƙare. Ki kula rasiɗin sayen ya fito da sunan ƙungiya, ba da sunan mamba ba, don a nan ne ciniki da yawa yake ɓaci.

Tsohon ma'aikacin banki, Tudun Wada:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai Najeriya ta fara aiki da ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, a 2012, shekarar da bankin Jaiz ya buɗe rassansa na farko a Abuja, Kaduna da Kano. IFRS tana kallon murabaha kusan kamar rance, saboda haka alƙaluman kan zo kusa da juna, amma batun mallakar kaya ba ya fitowa fili, kuma a ganina wannan babban giɓi ne.

Malama, Rigasa:
'Yata, kada ki manta da tarar jinkirin biya. Ba ta shiga ribar ƙungiya ko kaɗan. Asusu dabam ake buɗe mata, a bayar da ita sadaka, kuma a nuna wa mambobi inda aka kai ta a taron ƙarshen shekara.