Baƙin rubutu yana komawa ruwan ƙasa a jikin kofi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin sublimation, wato buga hoto a jikin kaya ta hanyar gasa tawada da zafi. Don Allah a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai.

Ina buga hoto a kofunan tangaran na rabon biki, da firintar Epson da na zuba wa tawadar sublimation. Injin gasa kofin ina sa shi a digiri 190, daƙiƙa 180. Amma baƙin rubutu sai ya fito ruwan ƙasa a tsakiyar kofin, wajen mariƙi da gindi kuma hoton ya dusashe. A hoton amarya ta yafa jan gyale, ta gefe ɗaya ya koma ruwan lemo.

Na san ruwan ƙasa alamar zafi ya yi yawa ne, dusashewa kuma bai isa ba. To kofi ɗaya ya haɗa biyun, wanne zan gyara? Da na rage lokaci sai baƙin ya yi kore-kore, gefen ya ƙara kodewa. Takardar hoton na ɗaure ta tam a jikin kofin da salatif mai jure zafi, kofunan kuma masu rufin polyester ne, don irinsu sun yi min kyau a baya.

Zargina yana kan robar injin da ke naɗe kofin tana ba shi zafi, ko ta gaji ba ta raba zafi daidai. Da janareta nake aiki, ko shi ne? Akwai wanda yake ɗumama gindin kofi kafin ya gasa, yana magani? Ko dai in sauya robar kawai?

Uwar amarya ta riga ta biya, ranar kamu ta matso. Allah ya saka da alheri.