Neman shawara: In sayi tsohuwar iPod ko ƙaramar MP3 don sauraron podkas?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gyaran waya nake yi, kuma kusan shekara guda ke nan na kamu da sauraron podkas na fasaha (shirye-shiryen magana irin na rediyo da ake samu ta intanet), musamman Darknet Diaries da Waveform, ina aiki ina ji. Matsalata wayata ce. Kafin la'asar caji ya ƙare, ga kiran kwastomomi da saƙon WhatsApp ba sa barina in ji minti goma a jere. Wani abokina ya yi min tayin iPod Classic ɗinsa mai 160GB (na'urar sauraron waƙa ta kamfanin Apple), a kasuwa kuma ga ƙananan MP3 'yan China masu araha. Wanne zan ɗauka? Ina so in zuba har da karatun Alƙur'ani da 'yan waƙoƙi.

Wani dattijon zaure, daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni masoyin iPod ne tun da daɗewa, kuma sunan podkas ɗin ma daga jikinta aka yanko shi, wani ɗan jarida Ben Hammersley ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian a 2004. Shekara guda bayan haka Apple ya sa podkas a cikin iTunes, manhajar kwamfuta da ake zuba wa iPod kaya da ita. Shi ya sa iPod ta san aikin: inda ka tsaya a kowane shiri, nan za ka tarar ko da bayan mako ne.

Amma kada son da nake mata ya ruɗe ka. An daina ƙera Classic tun 2014, ke nan mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara goma. Cikinta ɗan faifai ne mai juyawa, ba memori irin ta waya ba, faɗuwa ɗaya daga kan teburin aikinka sai ka ji tana ƙas-ƙas, shi ke nan. Batir ma da wuya bai gaji ba. Tunda hannunka ya saba, za ka iya cire faifan ka sa allon iFlash mai cin katin SD, ka canza batir, ta dawo amarya. Buɗe bayanta dai sai da haƙuri, ni na lanƙwasa ɗaya kafin na koya. Sannan ba ta da Bluetooth, ba ta hawa intanet, kuma igiyar cajinta mai faɗin baki ce wadda yanzu sai an tona ake samu. Duk sabon shiri sai ka sauke a kwamfuta ka tura mata. Karatu da waƙa sau ɗaya za ka zuba ka huta, podkas kuwa kowane mako sabo yake fitowa.

Wani memba, daga Kano:
Malam, 'yan Chinan nan ka yi hattara. Na sayi ɗaya, shirin awa guda ina tsakiya na kashe, da na kunna sai ta koma farko. Na danne maɓallin gaba har yatsa ya yi ciwo. In dole sai ita, ka gwada a gaban mai shago: kunna dogon fayil, kashe ta, sake kunnawa. Kuma da yawansu ba sa karanta katin da ya wuce 32GB sai an yi masa fomat zuwa tsarin da ake kira FAT32. Memorin jabu ma ta cika gari, ka gwada ta da H2testw, manhajar kwamfuta mai gano memorin jabu, kafin ka zuba komai.

Wata 'yar uwa, daga Maraɗi:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Kai da kake gyaran waya, a ce babu wata tsohuwar Android a durowarka? Cire layi, goge komai, ka sa AntennaPod, manhajar sauraron podkas, kyauta ce kuma babu talla a manhajar. Da dare ka haɗa ta da intanet ɗin babbar wayarka ta sauke sababbin shirye-shirye, da safe ka sa ta a yanayin jirgi. Babu kira, babu saƙo, caji kuma ya daɗe. Shirin awa guda a ingancin sauti na 128kbps kusan 58MB ne, sai ka yi lissafin datarka. Ni tun da aka rufe Google Podcasts a 2024 na koma AntennaPod. Tana kuma rage sauri, wanda zai taimake ka idan Turancin Amurkawan nan ya yi gudu da yawa.

Dattijon Zariya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, ko da yake ta yi min ɗaci. Ga podkas shawararta ta fi tawa. Abu ɗaya: ka tabbata wayar tana da ramin iyafis, kuma kada ka kuskura ka sa mata Facebook, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai wata tsohuwar Tecno tawa mai fasasshen gilashi, yau zan canza mata. Yaya na Zariya, iPod ɗin ma zan taya in ya sauko da kuɗin, don in gwada aikin iFlash ɗin nan. Wane irin ƙarfe ka yi amfani da shi wajen buɗe ta biyun?