Musayar waƙa: kamera a hannun 'yan gida

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, ga nawa, mai baiti ya amsa.

Damagaram ta Tanimu mai ganuwa,
Labarinki da yawa, wa ke ɗaukowa?
Fim ɗin Kano kullum muke sayowa,
Muna son su, amma namu na ta ɓacewa.

'Yar Zango:
Yaya ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi wallahi.

Wasan kara mun gada, tsohuwar al'ada,
Yaro ya yi shigar sarki har ya kafa fada,
To 'yan wasa ai muna da su cikin gida,
Portabul ɗaya ta isa ta zama shaida.
A ɗau iya a layin famfo tun asuba,
Bidon shida a gaba, ruwa bai zuba,
A ɗau baduku kan fata yana duba,
Wannan shi ne fim, kowa ya taɓa.

Baba na Garin Malam:
Yara na ji ku, amma ni akwai abin da ke damuna.

Kamera ido ce, ba ta san kunya ba,
In ta shiga zaure ba ta yi sallama ba,
A kai talaucinmu waje a yi ta duba,
Mu da aka ɗauka ba mu ko gani ba.

'Yar Zango:
Baba gaskiyarka, shi ya sa nake cewa ɗan gida ya riƙe ta, wanda gobe zai haɗu da mutanen a kasuwar Dole ya kalli idonsu. Aisha Macky 'yar garin nan ce, a 2021 ta fito da fim kan samarin Kara-Kara, unguwar da mutane ke tsoron ambata, ta zauna da su har suka buɗe baki da kansu, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin mai, ni dai ranar na fara ganinsu a matsayin 'ya'yan wasu.

Wanda aka ɗauka shi za a fara nuna wa,
In ya ce a cire, sai a yi cirewa.

Ɗan Birni:
Umaru Ganda mai fim ɗan ƙasar nan ne, Baba,
1972 a Wagadugu shi ne kan gaba,
Babbar kyautar FESPACO, bikin fim na Afirka, bai bar musu ba,
Jikokinsa ba za mu zauna ba.

Baba na Garin Malam:
To na yarda, da sharaɗi guda.

A shimfiɗa tabarma, a rataya farin zane,
A ƙofar mai unguwa, mata da maza a zaune,
In an gama a yi magana kan mene ne.

Gurup ɗina na nan in kuran ya ɗauke, ku dai ku kawo mai. 'Yar Zango, ki fara neman izinin iya kafin ki ɗaga portabul.