Neman kalma: me za mu kira DNS da Hausa? Darasin ranar Alhamis ne

Malamar Horo, Tawa: Assalamu alaikum jama'a. Ina koya wa matasa gyaran kwamfuta a wata cibiyar koyon sana'a a nan Tawa. Darasin Alhamis shi ne abin da Faransanci ke kira « résolution de noms »: kwamfuta na haɗe da rezo, alamar wifi ta cika, amma ka rubuta sunan shafi ta ce ba ta san shi ba. Yawancin yaran ba su yi nisa a lakwal ba, da Hausa nake bayani, kuma an ce in ba su takarda guda su tafi da ita gida. Abu uku suka tsaya mini: DNS ɗin kansa (tsarin da ke nemo wa kwamfuta lambar shafi daga sunansa), serveur DNS, da cache. Na ga an fassara DNS da "tsarin sunan yanki" a intanet, na karanta wa wani yaro, ya ce wane yanki, Tawa ko Agadas? Ku taimaka kafin Laraba da dare, da safe za a buga.

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam Malama. Mi ya hana ki ce "littahin lambobi"? Kamar na salula, ka taɓa suna ita ta kira lamba. Kowa ya san wanga.

Mai Gyara na Wadata: Littafi zai ɓatar da su, ƙanena. Da can littafi ne kam: fayil guda mai suna HOSTS.TXT, ana ajiye shi a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowace kwamfuta ta kwafo. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, shi ne Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Yau babu wani wuri guda da ke riƙe da dukkan sunaye. In ka rubuta ha.wikipedia.org, kwamfutarka na tambayar na'urar da aka nuna mata, wato serveur DNS, galibi ta kamfanin da ya sayar maka da rezo. In ita ma ba ta sani ba sai ta je tushe, wato na'urorin da ke saman tsarin duka. Tushe ba ya ba da lambar, cewa yake yi "je ki wajen masu .org". Masu .org su ce "je ki wajen na Wikipedia", su ne za su faɗi lambar. Yaron da ya ɗauka littafi ne, ranar da abu ya lalace zai nemi inda aka ajiye littafin, alhali abin da ya kamata ya tambaya shi ne: wa aka tambaya, kuma me ya amsa?

Tsohon Mushe, Yamai: Ɗiyata, kalmar na nan tun kafin a haife ku: TAFINTA. Mutum na magana da suna, na'ura na jin lamba kawai, wanda ke tsakaninsu tafinta ne. Serveur DNS shi ne tafinta, aikin da yake yi tafintanci, in ya gaza a ce tafinta ya yi shiru. Kalma guda ta ɗauke miki uku. Rubuta ki huta.

Malamar Horo, Tawa: Na gode Baba. Tana da daɗin faɗi, gaskiya.

Mai Gyara na Wadata: Baba, a gafarce ni, ba fassara yake yi ba. Tafinta in ya iya harsunan biyu, duk abin da aka faɗa zai juya shi da kansa. Nan kuwa babu wata ƙa'ida da ke mai da suna lamba. Mai shafin ne ya rubuta cewa sunan nan ga lambarsa, gobe in ya ƙaura ya sauya ta, sunan na nan yadda yake. Suna guda ma kan zo da lambobi da yawa. Nemowa ake yi.

Tsohon Mushe, Yamai: Yaro, kai ka san waya da sukuru, mu mun san harshe. Tun makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973 ake ƙirƙirar kalmomin lissafi da kimiyya da Hausa a ƙasar nan, ba a taɓa cewa sai kalma ta yi daidai da cikin na'ura ɗari bisa ɗari ba. Jirgin sama a ruwa yake tafiya? Amma mun ce jirgi, ya zauna. Tafinta zai zauna.

Ɗalibar Jami'a: Baba, ni tambayata ɗaya. Kullum kuna yi mana faɗa kan "ordinatar" da "rezo", kuna cewa mun cika Hausa da aro. Ita tafinta ai daga Ingilishi ta shigo zamanin Turawa, bakin Hausa ne ya lanƙwasa ta har ta ɓace. To me ya raba ta da rezo, in ba tsufa ba?

Tsohon Mushe, Yamai: Tsufan shi ne bambancin. Baƙon da ya yi jikoki a gari ɗan gari ne.

Baƙo daga Sakkwato: Mu a nan ba mu wahalar da kanmu. Sabar DNS muke cewa, ko Di-En-Es kawai. Kafafen labarai ma haka suke yi, kowa na ganewa. Ku ɗauka kawai a samu daidaito.

Ɗan Ader: To ga ta nan. Kullum in anka zo maganar kalma sai a ce mu jira abin da Kano da Kaduna sunka yanke. Mu nan De-En-Es muka cewa, don da Faransanci munka koye shi. In Malama ta rubuta Di-En-Es yaran za su ce wani abu na daban. Hausa ba ta da hedikwata, Malam.

Baƙo daga Sakkwato: Ni ban ce Kano ba. Ni da kai ma bakinmu ɗaya, "munka" da "anka" muke yi a gida.

Tsohon Mushe, Yamai: Ɗan Ader ya yi gaskiya a nan. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Abin kunya ne a ce harshen ƙasa ya rasa sunan abin da kowane yaro ke riƙe da shi a hannu, sai ya ara daga maƙwabta abin da su ma arowa suka yi. Kuma tunda ana maganar daidaito, a takardar nan a rubuta ƴ mai ƙugiya yadda ƙa'idar rubutunmu ta tanada, kada in ga 'y.

Ɗalibar Jami'a: Baba a yi hattara da wannan tutar. A Yamai kusa da ni a aji Zabarmawa ne, a Tawa kuma ajin Malama ba zai rasa masu Tamajak da Fulatanci ba. Su Hausar kasuwa suke ji. In aka cika takarda da ƙirƙira don nuna isa, su za a fara zubarwa.

Malamar Horo, Tawa: Jama'a don Allah. Takarda ce ta gyaran kwamfuta. Bari in faɗi ainihin damuwata, wataƙila ta taimaka. Yaran nan komai ya faru "ba rezo" suke cewa. Forfe ya ƙare, ba rezo. Waya ta zare, ba rezo. Agogon kwamfuta ya koma baya don ƙaramin batirin ciki ya mutu, shafi ya ƙi buɗewa, ba rezo. Kalmar da nake nema ita ce wadda za ta sa yaro ya iya cewa: rezo na nan, sunan ne ba a samo ba.

Mai Gyara na Wadata: Yawwa, yanzu aka zo wurin. Wannan rabewar ita ce rabin sana'ar, kuma umarni biyu ke yin ta. Yaro ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni a Windows ya rubuta ping 8.8.8.8. Lamba ce tsagwaronta, ta Google, ba a bukatar a nemo komai. In ba ta amsa ba, a bar maganar DNS, a duba waya da akwatin wifi da forfe. In ma ya rubuta ipconfig ya ga lambar kwamfutarsa ta fara da 169.254, to akwatin bai ba ta lamba ba sam, ita ta laƙa wa kanta. Amma in 8.8.8.8 ta amsa, ya sake ping da suna, a ce ha.wikipedia.org. Lamba ta amsa, suna ya ƙi: hanya lafiya lau, nemowa ce ta lalace.

Daga nan sai nslookup da sunan, ya karanta amsar da kyau, don ba iri guda ba ce. Akwai "babu wannan suna", wanda Chrome ke nunawa da NXDOMAIN. A aikina mafi yawan wannan kuskuren yatsa ne, musamman namu .ne na Nijar da mutane ke ƙara wa t ya koma .net, ko su rikita shi da .ng na Najeriya. Akwai kuma shiru har lokaci ya ƙare, shi ne Windows ke cewa « le serveur DNS ne répond pas ». Nan sunan ba shi da laifi, wanda aka tambaya ne ya kwanta. Da ipconfig /all zai ga ko wa ake tambaya, sau da yawa akwatin gidan ne kansa, wani abu kamar 192.168.1.1, a kashe a kunna. In bai tashi ba ya rubuta nslookup, sunan, sannan 1.1.1.1 a gaba, wato ya tambayi wani daban, na Cloudflare. In wancan ya amsa, sai a sauya a saitin katin rezo. Akwai na uku, wanda aka tambaya ya amsa amma ya ce ya kasa. Wannan sau da yawa daga can wajen masu shafin ne, ba abin da yaro zai kwance. Ku tuna 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida: na'urorinsu masu faɗin lamba ne aka rasa hanyar isa gare su. Ranar mutane da yawa a Yamai sun sake sayen forfe a banza.

Duk kalmar da za ku zaɓa, ta iya ɗaukar waɗannan amsoshin uku. "Tafinta ya ce babu wannan suna" ba ta zauna mini ba.

Hajiya Mai Sibar: Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba. Ni abin da Mai Gyara ya zayyana, tushe ya tura ka wajen wane, wane ya tura ka gaba, ai kwatance ne. Waye a Tawa ke samun gida da lamba? Tambaya kake yi a kwatanta maka. Ki ce "mai kwatance". Mai kwatance ya ce bai san gidan ba. Mai kwatance ya yi shiru. A sauya mai kwatance. Aikin kuma "neman kwatance".

Ɗan Ader: Hajiya ta gama magana.

Malamar Horo, Tawa: Hajiya Allah ya saka da alheri. Na gwada ta cikin jimlolin Mai Gyara duka, ta shiga ba tare da na ƙara bayani ba.

Tsohon Mushe, Yamai: Kwatance kintace ne. "Bayan masallaci, kusa da mai tuwo." Na'ura kuwa lamba take bayarwa daidai, ba ragi ba ƙari. Ɗazu an ƙi tafinta don wai ba ta yi daidai da cikin na'ura ba, yanzu an karɓi wadda ta fi ta sako-sako. Kuma kalma biyu ce, tawa guda.

Mai Gyara na Wadata: Wannan suka ta Baba tana da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai inda kwatance ta yi sako-sako ba ya sa yaro ya taɓa abin da bai kamata ba. Tana tura shi ga tambayar da nake so: wa muka tambaya?

Ɗalibar Jami'a: Saura cache. Ni na ce "hadda", tunda kwamfuta riƙe amsar take yi a ka don kada ta sake tambaya.

Hajiya Mai Sibar: A'a ɗiyata, bar hadda inda take. Za ki rubuta wa yara "goge hadda" a takarda su kai gida iyayensu su gani?

Mai Gyara na Wadata: Kuma hadda ba a yi mata wa'adi. Wannan kuwa kowace amsa da wa'adinta take zuwa, mai shafin ne ke sa shi da daƙiƙoƙi, in ya cika a zubar a sake tambaya. Matsalar na zuwa ne in shafi ya ƙaura kwamfuta na riƙe da tsohuwar lamba, sai a share da ipconfig /flushdns. "Ajiyar ɗan lokaci" ta isa. Malama ki ƙara layi guda kan fayil ɗin hosts, har yau yana cikin Windows, a System32, drivers, etc, kuma ana duba shi kafin a tambayi kowa a waje. In shafi guda tak ya ƙi a kwamfuta guda tak, a leƙa can, wasu ƙwayoyin cutar kwamfuta na rubutu a ciki.

Malamar Horo, Tawa: To ga abin da zan kai a buga. DNS na bar shi DNS, don haka za su gan shi a allo, na rubuta a gefe cewa De-En-Es ake faɗi. Serveur DNS: mai kwatance. Résolution: neman kwatance. Cache: ajiyar ɗan lokaci. Baba, na sa ƴ mai ƙugiya ko'ina, kuma a bayanin baki zan ce wasu dattawa na kiran sa tafinta.

Tsohon Mushe, Yamai: "Wasu dattawa." To. Ki buga, takardarki ce. In an zo zaman daidaita kalmomi na gaskiya, da masana a teburi, za a sake buɗe maganar, kuma ni tafinta zan kai.

Baƙo daga Sakkwato: Ba ku ce komai kan domaine ba fa, wato suna irin wikipedia.org. "Yanki" kun ƙi.

Malamar Horo, Tawa: Na sa "sunan shafi".

Mai Gyara na Wadata: Zai yi na Alhamis. Amma abin da ke bayan @ a adireshin imel ma domaine ne, kuma ba shafi ba ne. Ranar da kika zo darasin imel za ki dawo nan. Kafin a buga ki duba akwai tazara tsakanin ipconfig da /flushdns, masu bugawa na son haɗe su.