'Yata kurma ce, ta gama sakandare: kwaleji ko cibiyar kurame?

Maman Zahra:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. 'Yata shekararta 18, sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara biyu. Da maganar hannu take magana, na'urar ƙara ji ba ta yi mata komai. Bana ta gama sakandare. Wata kwalejin fasaha ta kowa da kowa ta ɗauke ta a fannin zane da kwamfuta, abin da ranta ke so ke nan, amma ba su da tafinta. Akwai kuma cibiyar koyon sana'a ta kurame, kowa a ciki yana maganar hannu, sai dai ɗinki da saƙa kawai ake koyarwa, takardarsu kuma ba a ci gaba da karatu da ita. Sati biyu ya rage a rufe rajista, ni kam barci ya ƙaurace min.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa mata manhajar NVDA a kwamfuta, kyauta ce, ƙanina da ita ya gama digiri.

Anti Bilki:
Abban Sadik, ka karanta kuwa? NVDA karanta wa makaho rubutu take yi da murya. Yarinyar nan idonta garau. Maman Zahra, ku saya mata na'urar kunne mai kyau ta zauna a layin gaba, za ta riƙa karanta leɓen malami.

Maman Zahra:
Na gode Anti, amma na faɗa a sama, mun gwada na'urar har sau biyu.

Yayan Kabiru:
Karanta leɓe? Tsaya gaban madubi ki ce "baba" ki ce "mama" ba tare da sauti ba, ki gaya min bambancin. Balle malami ya juya yana rubutu a allo yana magana. Ni na ga abin nan da idona. Ƙanina Kabiru, shi ma kurma ne, ya shiga wata kwaleji, da baki suka yi mana alkawarin tafinta. Zangon farko an kawo mutum ɗaya, shi kaɗai yake fassara lacca ta awa uku, alhali masu wannan aiki bibbiyu suke yi, suna karɓar juna duk bayan minti 20 ko 30, don hannu da ƙwaƙwalwa gajiya suke. Kafin zango ya ƙare ya ajiye aikin, ba a biya shi ba. Daga nan Kabiru ya koma aron littafin abokai yana kwafa cikin dare. Ran nan aka canza ɗakin jarrabawa, da baki aka sanar, kowa ya tashi ya tafi, shi yana zaune da bironsa a hannu har mai shara ya shigo. Na je ofis, aka ce ai an sanar. Shekara biyu ya yi ya bari. Har yau in muka wuce ta ƙofar makarantar kau da kai yake yi. Hajiya, duk alkawarin da ba a rubuce yake da sa hannu ba, ki ɗauka ba a yi shi ba.

Umman Biyu:
Allah sarki, na yi hawaye. Mu da kanmu muka ɗauki tafinta, kuɗin zango ɗaya ya cinye albashina na wata biyu.

Abban Sadik:
Wata biyu? An cuce ki. Maƙwabcina ko kwatan haka bai biya ba.

Umman Biyu:
Ɗalibi ya ɗauko masa ko ƙwararre? Wanda ya iya gaisuwa da hannu daban, wanda zai fassara darasin lissafi daban.

Malama Hadiza:
Bai ma kamata iyaye su biya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, sashe na 24, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita su buɗe wa irin waɗannan yara ƙofar manyan makarantu da koyon sana'a, tare da yi musu tanadin da ya dace. Ku nemi tafinta, da ƙarin lokacin jarrabawa, da rubutaccen darasi kafin lacca. Amma a matsayina na wadda ta shekara 15 tana koyar da masu buƙata ta musamman, na fi karkata ga cibiyar. Kaɗaici yana karya yaro fiye da wahalar karatu.

Kurman Zamani:
Malama, da girmamawa, ni kurma ne, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekara uku aka zaunar da ni gaban keken ɗinki don kowa ya yanke cewa iyakata ke nan. Sai daga baya na koyi gyaran waya, da shi nake ci yanzu. Tun 1864 Jami'ar Gallaudet da ke Washington tana koyar da kurame, a 1988 ɗalibanta suka rufe makarantar sai da aka naɗa musu kurma, I. King Jordan, ya shugabance ta. Duk zancen nan, wa ya tambayi Zahra?

Malama Hadiza:
Ɗana, yaran da suka wuce ta hannuna sun fi ɗari. Labarinka na mutum ɗaya ne.

Kurman Zamani:
Cikin ɗarin nawa kika sake gani bayan sun bar ajinki?

Ɗan Autan Gida:
Ni dai a koya min maganar hannu, ko na samu in riƙa yi wa madam bayani in ta hana ni buɗe baki.

Anti Bilki:
Auta, ba wurin wasa ba ne nan.

Maman Zahra:
Na tambaye ta jiya. Ta buɗe wayarta ta nuna min zanen da ta yi, ta ɗora yatsa a kai, ta nuna ƙirjinta. Abin da nake tsoro kar labarin Kabiru ya maimaitu a kanta. In na nemi a rubuta min maganar tafinta, wajen wa zan je, shugaban sashe ko magatakarda?

Umman Biyu:
Makaranta ma da sauƙi. Ku je asibiti ku gani. Babbar 'yata ta je awon ciki, dole sai da ƙaninta ɗan shekara 12 ya shiga ya tsaya tsakaninta da likita yana fassara abin da bai kamata ya ji ba.

Kurman Zamani:
Ni kuma da baki ake kiran suna a layi. Tun safe nake zaune har azahar, ashe sau uku aka kira ni.

Yayan Kabiru:
Kabiru ma an taɓa ba shi magani, aka yi masa bayanin yadda zai sha da baki ta bayan takunkumi.