Kwamfuta ko PlayStation: abin da 'yan wasan bidiyo na Zariya suka ce

1. Kusan kowa ya yarda haɗa kwamfutar wasa ya fi ƙarfin ɗalibi yanzu. Tun faɗuwar naira a 2023 katin hoto (na'urar da ke sarrafa hotunan wasa a kwamfuta) ya yi tashin gwauron zabi, ga kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi a kwamfuta).
2. Wuta: PS5 (PlayStation 5, na'urar wasan bidiyo) tana cin kimanin wat 200, ƙaramin sola zai iya ɗaukarta. Kwamfuta mai ƙarfi takan ninka haka. A ganina nan maganar ta fi nauyi.
3. An rabu kan kuɗin wasanni. Wasu sun ce rangwamen Steam (kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet) yana mayar da kuɗi sannu a hankali, kuma kwamfuta tana aikin makaranta. 'Yan Samaru sun ce faifan PS4 ana musanyarsa tsakanin abokai.
4. Mai sayen na hannu ya gwada sosai kafin ya biya.