Hotunan TikZ sun cika min folda, ya zan yi?

Ɗan_Lissafi: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina rubuta tesis ɗina da LaTeX (manhajar tsara rubutu), zane-zanen kuma da TikZ (kayan zane na cikin LaTeX), na kunna \tikzexternalize (umarnin da ke fitar da kowane zane a fayil ɗinsa daban) saboda kwamfail, wato mayar da rubutun zuwa pdf, yana cin lokaci, to yanzu kowane zane sai ya haifo fayilolin pdf da log da md5 da dpth, duk sun cakuɗe da babukana har na goge fayil ɗin babi na 3 bisa kuskure wallahi.

Maman_Ilham: Wa'alaikumussalam, sannu ƙanina. Ka sa \tikzexternalize[prefix=hotuna/] amma kai za ka buɗe foldar hotuna da hannunka, LaTeX ba ya ƙirƙirar ta, kuma kar ka manta alamar / ɗin ƙarshe, ita ta taɓa cinye min dare guda.

Ɗan_Lissafi: Na yi Anti, yanzu kuma LaTeX kukan shell escape yake min.

Injiniya_B: Ai dole, pdflatex -shell-escape za ka kira, shi ke ba LaTeX izinin kiran umarni na waje don ya gina zanukan. Sannan kafin kowane zane ka sa \tikzsetnextfilename da sunansa, in ba haka ba lamba yake ba su, ka cusa sabon zane a tsakiya lambobin su goce ya sake gina na bayansa duka.

Ɗan_Lissafi: Ya tashi! Allah ya saka da alheri.